Hasumiyar Gobarau: don kiran salla aka gina ta, ko don hangen mahara?

Ɗan_Mokoyo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masu sanin tarihi. Makon jiya mun je ɗaurin aure Katsina, bayan an shafa fatiha abokin ango ya ce bai kamata mutanen Maraɗi su koma gida ba su ga Gobarau ba. Mun je, mun hau har sama. Ginin ƙasa ne zalla, gindinsa da faɗi, yana tsukewa hawa bayan hawa, tsawonsa wajen mita 15. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin wanda ya zagaya da mu. A ƙasa ya ce hasumiyar masallaci ce. Muna cikin hawa ya ce makaranta ce ta manyan malamai. Da muka kai sama kuma ya ce daga nan ake hango mahara tun suna nesa. To wanne ne asalin dalili? In don kiran salla ne kawai, ai ladan na iya hawa soron masallaci a ji shi. Mutane ba za su kwaɓa ƙasa mai yawan nan su ɗora ta sama haka kawai ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Almajirin_Limanci:
Wa alaikumus salam. Don salla ne mana, ɗan'uwa. A lokacin babu lasifika. Gari mai girman Katsina in kana so kiran asuba ya kai unguwannin nesa dole ladan ya yi sama sosai.

Malamin_Lakwal:
Duka ukun da aka gaya maka gaskiya ne, sai dai ba lokaci guda suka zo ba. Abin da aka fi yarda da shi, Gobarau ɓangare ce ta babban masallacin Juma'a na farko a birnin Katsina, kuma ana danganta gininta da Muhammadu Korau, sarkin da ake ɗauka shi ne Musulmi na farko a gadon sarautar. Masallaci a wancan zamani shi ne makaranta, don a nan malamai ke zama su ba da karatu. Katsina kuwa ta yi suna wajen ilimi, har Shehu Magili, babban malami daga arewacin Afirka, ya sauka can a ƙarshen ƙarni na 15, daga baya ga su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17. Hangen mahara kuma, duk garin da yake da gini mafi tsawo ba zai bar shi banza ba ranar da aka ce yaƙi ya taso. Amma masallacin ne tushe. Masallacin ya rushe, hasumiyar ta rage, shi ya sa kake ganinta tsaye ita kaɗai kamar ba ta da dangi.

BaKatsine_ƘofarSauri:
Ni ɗan Katsina ne, aiki ya kawo ni Maraɗi. Na ji daɗin wannan tambaya. Malam ya yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara, tun muna firamare ana koya mana cewa Korau ya yi sarauta daga 1348 zuwa 1398, ke nan ginin ya haura shekara 600.

Ɗalibar_Tarihi:
Yaya BaKatsine, wannan lissafin yana nan a rubuce, amma akwai masana da dama da suka kai zamanin Korau tsakiyar ƙarni na 15, wato kusan shekara 100 bayan naka. Akwai ma masu ganin ita kanta hasumiyar bayan Korau aka yi ta. Sannan wani abu da ba a cika gaya wa baƙi ba: wadda Ɗan_Mokoyo ya hau ba ita ce ainihin ta farkon ba yadda take. Ta lalace ƙwarai, sai a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kira magina suka gyara ta. Saboda haka in muna neman dalilin gini daga siffarta ta yau, mu riƙa tuna cewa hannun maginan ƙarni na 20 yana jikinta.

BaKatsine_ƘofarSauri:
Gyara ai ba sabon gini ba ne, ƙanwata. Gurbin dai shi ne, ƙasar ma ta garin ce.

Hajiya_Bagalam:
Ku yara kuna ta lissafin shekaru, ni bari in ba ku abin da na ji a bakin kakata, Allah ya jiƙanta, ita kuwa kakanninta daga Katsinar suka fito. Ta ce lokacin da za a kafa masallacin malamai sun yi ta gardama a kan alƙibla, kowa na nuna nasa gefen. Sai wani malami da ake kira Jodoma ya ɗaga sandarsa ya nuna, jama'a suka hango Ka'aba da idanunsu, gardama ta mutu. Aka ba shi limanci. Daga baya hassada ta shiga tsakani, aka haɗa shi da sarki, aka fitar da shi daga gari. Ta ce hasumiyar a da ta ninka ta yanzu nesa ba kusa ba, bakinsa ne ya kama ta ta zube. Ban ce ku rubuta shi a jarrabawa ba, amma haka tsofaffi ke faɗi, kuma a labarinsu ba a taɓa ambaton yaƙi ba. Salla da alƙibla kawai.

Almajirin_Limanci:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Kun ji dai.

Direban_Agadas:
Ni ban yi karatun tarihi ba, amma na daɗe a hanyar arewa ina jan kar, kuma ina so ku dubi ta Agadas. Hasumiyar masallacin can mita 27 ce, ta fi Gobarau nesa. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844. Duk wanda ya taɓa tunkarar garin da rana ya san ita ce abu na farko da ido ke kamawa. Yanzu da muke da kwalta da waya ma in na hango ta sai in ji hankalina ya kwanta. To ina ga ayarin raƙuma da ya kwana arba'in a rairayi? Mutanen garin da kansu suna cewa ta yi wa fatake aikin alama, ta kuma yi aikin tsaro. Katsina ma ai zangon fatake ce, masu zuwa daga Agadas ɗin da Gat da Tarabulus can suke sauke kaya. Ni a ganina an yi Gobarau don baƙo ya hango tun daga nesa ya san ya iso garin Musulmi mai sarki da kasuwa.

Malamin_Lakwal:
Wannan magana ta direba tana da nauyi, kada a wuce ta. Sarkin da ya karɓi sabon addini a garin da tsofaffin gidaje ke riƙe da al'adun iyaye yana da buƙatar abin da zai nuna inda gari ya dosa. Bafatake daga arewa kuma yana so ya san ya zo inda za a yi masa shari'ar da ya sani in an ci amanarsa. Dogon gini yana faɗin wannan duka ba tare da an yi shela ba. Dubi Gawo ta Mali: Askiya Muhammadu, sarkin Songhai, ya yi nasa ginin na ƙasa wajen 1495, mita 17, inda kabarinsa yake. Zamanin duk kusa ne da juna, kuma garuruwan hanya ɗaya ta haɗa su.

Bagobiri_Tsibiri:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Kullum in anka tashi maganar kayan tarihi sai mu tsallaka iyaka. Mu namu fa? Birnin Lalle na nan wajen Dakwaro, tsohuwar fadar Gobir, mutum nawa cikin zauren nan sunka taɓa zuwa? Alƙalawa, babban birnin Gobir na lokacin, ta faɗi a 1808, Gobirawa sunka yi ta yawo har anka kafa Tsibiri a 1836. Duk wannan tafiya akwai kufai, akwai kaburburan sarakuna, amma ƴaƴanmu sun fi sanin hasumiyar Paris da su.

Ɗan_Mokoyo:
Baba Bagobiri gaskiyarka, amma ni ban ɗauki Gobarau ta tsallaken iyaka ba. Ina tsaye a samanta ina jin kamar gidanmu nake kallo.

Ɗalibar_Tarihi:
Kuma ba jin rai ba ne kawai, tarihi ne. Da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ne ya fito, aka yi ta gwagwarmaya har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, kuma ana yi masa kirari da Korau. Dubi manyan fada: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka, Durɓi. A Katsina akwai Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƴandaka, Ƙofar Durɓi. Iyakar da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya Faransa da Ingila suka shata ta a farkon ƙarni na 20, Gobarau ta girme ta da ɗaruruwan shekaru. In Korau ne ya gina ta, to magadansa suna nan cikin garin nan.

BaKatsine_ƘofarSauri:
Ba mu musu. Tamu ce mu duka. Ku dai riƙa zuwa, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba.

Matashin_Zariya2:
To ni tambayata, in har su ne suka gina ta, me ya sa da suka zo Maraɗi ba su sake yin irinta ba? Ko fasahar ta ɓace a hanya?

Malamin_Lakwal:
Fasaha ba ta ɓace ba, zaman ne ya bambanta. Waɗanda suka kafa Maraɗi ba su zo da niyyar dawwama ba, burinsu su koma su ƙwace Katsina. Ƙarni na 19 kusan duk a kan doki suka yi shi, har zamanin Sarki Ɗan Baskore na Maraɗi ana kai hari kudu. Mai shirin komawa gida gobe ba ya tsayawa ginin shekara ɗari. Sannan tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka dawo da mutane kan tudu inda muke yanzu da titunan nan miƙaƙƙu. Ko da akwai abin da aka gina, ruwa ya tafi da mafi yawansa. Kwatanta da Damagaram, inda Sarki Tanimun ya samu zama da dukiya a tsakiyar ƙarni na 19: ga fada, ga ganuwar Birni, har yau ana ganin saura.

Hajiya_Bagalam:
Wannan ruwan mahaifina ya gan shi yana yaro. Har ya rasu in hadari ya haɗo daga gabas sai ya ambace shi.

Magini_Burja:
Salamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama, ina so in yi magana a matsayin wanda ya gaji gini, don ubana da kakana da ƙasa suka yi aiki kafin bulo da siminti su zo. Akwai abin da masu karatu ba su lura da shi ba. Ginin ƙasa ba a gama shi. Dutse kana iya ɗora shi ka tafi, bayan shekara dubu a same shi. Ƙasa kuwa duk damina sai ta ci rabonta. In ba a bi da yaɓe ba, a gyara indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama, shekaru kaɗan sun isa gini ya zama tudu.

Ga yadda ake yi. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, a mulmula tubali da hannu a shanya. Wajen ɗorawa gindin bango ake ba faɗi, ana hawa ana ragewa, shi ya sa Ɗan_Mokoyo ya ga tana tsukewa. Ba ado ba ne, in ba a yi haka ba nauyin sama zai murƙushe na ƙasa. Azara ta giginya ake sawa don gara ba ta cinta da sauƙi. A waje kuma a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ke hana ruwa shiga. Itatuwan nan da direba ya sani suna fitowa a jikin ta Agadas, aikinsu ke nan: magini ya taka ya hau ya yi yaɓe. Wato tun ranar gini an san za a dawo.

To ni tambayar da ta fi ci mini rai ba dalilin wanda ya fara ba ne. Shi mutum ɗaya ne, dalilinsa ya tafi da shi kabari. Amma sarakuna nawa suka wuce, Haɓe suka fita Fulani suka shiga, Turawa suka zo suka tafi, kuma a kowane zamani an samu wanda ya ce a kwaɓa ƙasa a je a gyara ta. Kowannensu da nasa dalilin. Su ne suka sa kuka same ta tsaye.

Direban_Agadas:
Wallahi Malam magini ka faɗi abin da na gani da idona. Ban taɓa sanin amfanin itatuwan nan ba sai ranar da na tarar da mutane a kansu suna yaɓe.

Ɗalibar_Tarihi:
Baba magini, Allah ya ƙara girma. Haka ake yi a Jenne ta Mali, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe masallaci rana guda. Kuma tsohon garin Agadas da hasumiyarsa sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013.

Tsohon_Ɗalibin_Azhar:
Tunda ana maganar dalilin gini, ku bar ni in kai ku Masar kaɗan. Lokacin da nake karatu a Alƙahira na je Giza, kuma wannan tambayar ta Ɗan_Mokoyo ita ce ta zo mini, amma da nauyin da ya fi haka. Babbar dalar ta sarki Khufu ce, ta kai shekara 4,500, asalin tsawonta mita 146, duwatsun da ke jikinta sun haura miliyan 2. Kuma duk wannan kabari ne na mutum ɗaya. Na tsaya a gindinta ina tuna abin da Annabi Hudu ya ce wa Adawa a Suratus Shu'ara, aya ta 128 da 129, inda ya zarge su da gina alamomi a kan kowane tudu don wasa, da yin manyan gine-gine kamar za su dawwama. Bambancin da na gani da irin Gobarau shi ne, ita talaka na da rabo a cikinta: ya ji kiran salla, ɗansa ya yi karatu, in mahara sun taho a sanar da shi.

Matashin_Zariya2:
Malam, ba ita ce dalar da Fir'auna ya sa Hamana ya gina masa don ya leƙa sama ba?

Tsohon_Ɗalibin_Azhar:
A'a ƙanena, kada a haɗa su. A Suratul Ƙasas aya ta 38 cewa ya yi a hura wuta a kan yumɓu, wato tubali gasasshe. Dalar Giza kuwa da sassaƙaƙƙen dutse aka yi ta.

Bagobiri_Tsibiri:
Malam na Azhar, ban yarda da kai duka ba. Kada mu wanke namu sarakunan mu ce su don Allah kaɗai sunka yi. Sarki sarki ne ko ina yake. Wa ya ɗebo ƙasar? Wa ya ɗebo ruwan kwaɓi? Talakawa ne da bayi, kuma ba a tambaye su ko suna so ba. Ganuwar Kano da anka fara tun zamanin Gijimasu, da ta Surame da Kanta ya yi a Kabi, duk da ƙarfin mulki anka tara mutane. Ina girmama Gobarau, amma in na tuna ta ina tuna wuyan da ya ɗauki kwandon ƙasa har sama.

Almajirin_Limanci:
Baba, aikin masallaci daban ne da na ganuwa. Mutane na rububin sa hannu don lada. Ko yau a unguwarmu in ana zuba dakali kowa fitowa yake.

Magini_Burja:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma akwai misali kusa da mu wanda ba sai an yi hasashe ba. Masallacin Yama a jihar Tawa. A 1962 mutanen garin suka ga suna buƙatar masallacin Juma'a, suka ba Falke Barmu aikin, shi kuwa manomi ne magini. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani itace. Bayan shekaru aka dawo aka ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta, har ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. To a lokacin da aka ƙara su masallacin ya daɗe ana salla a cikinsa, kuma ladan ɗaya ba ya buƙatar hasumiya huɗu. Mutanen gari ne suka so nasu ya yi kyau, maginin kuma yana da abin da yake so ya nuna. Wannan ma dalili ne, kuma ban ga laifinsa ba.

Ɗan_Mokoyo:
Na gode ƙwarai jama'a. Amma har yanzu ina nan kan bakata a abu guda: kiran salla shi kaɗai bai isa ya bayyana tsawon nan ba. Maganar direba ta fi kwanta mini.

Almajirin_Limanci:
Ni kuma ina kan tawa. Je ka tsaya a fili da asuba ka yi kira, sannan ka hau sama ka sake, ka tambayi na nesa wanne suka ji.

Malamar_Firamare:
Ni abin da na tsinta shi ne kukan Baba Bagobiri. Ina koyar da ƴan aji shida, kuma ban taɓa kai su ko fadar Tsibiri ba, ga ta nan bakin hanci. Katsina za ta yi wuya saboda takardun tsallaka iyaka da yara, amma Tsibiri da fadar Maraɗi ba su da wannan matsala. Akwai wanda ya san yadda ake neman izini a fada?

Bagobiri_Tsibiri:
Malama ki rubuto takarda daga lakwal ɗinku, ki yi mini magana ta gefe in nuna miki ƙofar da za ki bi. Amma ki zo da su ranar da tsofaffin fada ke zaune, don ginin kaɗai ba zai gaya musu komai ba.

BaKatsine_ƘofarSauri:
Ɗalibar_Tarihi, ban bar maganar shekarun nan ba fa. In Korau na tsakiyar ƙarni na 15 ne kamar yadda kika ce, ke nan tsakaninsa da zuwan Magili babu nisa. To wa ya fara koyarwa a masallacin, malaman gida ko baƙi?

Ɗalibar_Tarihi:
Kafin Magili akwai Wangarawa, malamai fatake daga ƙasar Mali, sun riga shi shigowa ƙasar Hausa. Wannan zai ja mu nesa, Yaya. Ina da darasi yanzu, in na fito da yamma zan buɗe masa zare nasa daban.